Hattara, Jama'ar Korgom: Akwai Rige-rige a Cikin Na'urar da Ke Riƙe Kuɗinmu

Jama'ar Korgom, da na Tasawa, da na Mayahi, ina da magana, kuma magana ce da ba ta jiran gobe. Kuɗinmu sun bar aljihu. Sun bar ƙarƙashin katifa da bakin zane. Sun koma cikin waya. Ɗan cirani ya tura daga Agadas ko Kano ko Legas da hantsi, tsohuwarsa ta karɓa a ƙauye kafin la'asar. Mai aya da mai wake suna sayar da kaya ba tare da sun taɓa takardar kuɗi ba. Wannan alheri ne, mun gode wa Allah. Sai dai akwai wata ɓaraka a irin waɗannan na'urori da masana suka gano shekara sittin da suka wuce, mu kuwa ko suna ba mu raɗa mata ba. Ta kashe marasa lafiya a gadon asibiti. Ta jefa manyan birane cikin duhu. Danginta sun kai masu gaskiya kurkuku. Kada kowa ya firgita, kada kowa ya yar da wayarsa. A natsu a saurara, tun ruwa bai kai mana wuya ba.

Mu fara daga cikin gida. Rumbu ɗaya ne, da dami goma na gero a ciki. Babban wa ya leƙa da safe, ya ƙirga goma, ya yi wa mai saye alkawarin takwas. Kafin ya dawo kwasa, ƙanensa ya leƙa. Shi ma goma ya gani. Shi ma ya yi wa wani alkawarin takwas. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa abin da idonsa ya gani ya faɗa. Amma an sayar da dami goma sha shida daga rumbun da ke da goma. Ɓarnar ta shiga ne ta ɗan lokacin da ke tsakanin dubawa da kwasa. Iyayenmu sun san wannan. Shi ya sa mutum ɗaya ke buɗe rumbu, kuma ba a shiga sai wanda ke ciki ya fito.

Abin da ke faruwa a cikin na'ura ke nan. Kuɗin da ke wayarka lamba ce kawai, rubuce a wata babbar kwamfuta mai nisa da Korgom. Duk cirewa taku uku ce: a duba abin da ke akwai, a rage, a rubuta saura. Kwamfutar ba ta sallamar mutum ɗaya sannan ta kira na biyu. Dubban buƙatu take juyawa a lokaci guda. In buƙatu biyu suka faɗo kan asusu ɗaya cikin ƙiftawar ido, kowace za ta iya ganin jika goma, kowace ta cire takwas, kowace ta rubuta saura biyu. Jika takwas sun fita babu lissafinsu. Ko kuma a zuba maka kuɗi sau biyu daga mutum biyu, rubutun na biyun ya danne na farkon, kuɗi ɗaya su ɓace. Masana suna kiran wannan aibi tsere. Mu a Hausa muna da kalmar da ta fi dacewa da shi: rige-rige. Kuma ba manyan kwamfutoci kaɗai abin ya shafa ba. Tun wajen shekarar 2005 masu ƙera na'ura suka kasa ƙara wa ƙwaƙwalwa ɗaya gudu saboda zafi, sai suka koma jera ƙwaƙwale da yawa wuri guda. Wayar shafa mai araha da ke hannun matasanmu tana ɗauke da huɗu ko takwas. Hannaye takwas ke nan a rumbu ɗaya.

Babban sharrin wannan aibi shi ne iya ɓuya. Sauran kurakuran manhaja suna da sauƙin kamu: ka danna nan, ta lalace, ka sake dannawa, ta sake lalacewa. Rige-rige ba haka yake ba. A gwada manhaja sau dubu, ta yi daidai sau dubu. Rana ta dubu da ɗaya ta ci kuɗin mutum. A kira mai gyara, ya gwada, ya ga komai lafiya. Dalilin lissafi ne. Ayyuka biyu, kowane mai taku goma, za su iya cuɗanya ta hanyoyi 184,756. A ƙara na uku, hanyoyin sun haura tiriliyan 5. Babu mai gwada su duka. Wataƙila guda ɗaya ce tak mai guba a cikinsu. A shekarar 2008, masu bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka sun bi diddigin irin waɗannan kurakurai 105 a manyan manhajoji huɗu da duniya ke amfani da su. Sun samu cewa a 101 daga ciki, ayyuka biyu kacal sun isa su tayar da ɓarnar. Ba sai an yi taron dangi ba. Wa da ƙane sun isa.

Sannan yana zaɓen ranar da zai fito. Ranar da babu cunkoso, buƙatu suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, ba sa karo. Ranar cunkoso ce suke gwara kai. Jajibirin Sallah, lokacin da kowane ɗan cirani ke tura kuɗin rago da na ɗinki. Kaka, lokacin da ake hada-hadar gero da wake da riɗi. Ƙarshen wata, lokacin albashi. Ranar kasuwa, da rana tsaka, layi ya kai bakin hanya. Ranar da muka fi buƙatar na'ura, ranar ce ta fi kusa da tuntuɓe. Wanda ya gwada manhajarsa shi kaɗai a ofis mai sanyi bai gwada ta ba tukuna.

Ga kuma namu halin na musamman: rezo da wuta. Manhajoji da yawa an rubuta su ne a inda sadarwa ba ta yankewa. A nan kuwa tana yankewa a tsakiyar aiki. Ka tura kuɗi, waya ta yi shiru. Shin buƙatarka ce ba ta isa ba, ko amsar ce ta ɓace a hanya? Daga inda kake tsaye babu yadda za a bambance. Masana sun tabbatar da haka da hujjar lissafi tun shekarun 1970. Sai ka sake dannawa, domin kowa ma haka zai yi. In mai manhaja bai tanadi lambar da za ta nuna wa kwamfuta cewa wannan buƙatar ita ce ta ɗazu ba, an cire maka sau biyu. Yankewar kuma ba baƙuwarmu ba ce. Wutar wannan yanki ta layin Katsina zuwa Gazawa take shigowa, kuma mun ga yadda aka yi da Najeriya ta katse wuta a watan Agusta na 2023. Ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun tsinke, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga matsala. Masu fatauci tsakaninmu da Katsina da Daura ba su manta farkon 2023 ba, lokacin ƙarancin takardun naira. Kowa ya koma tura kuɗi ta waya a lokaci guda. Magana ɗaya aka riƙa ji a kasuwanni: an cire min, shi kuma bai gani ba.

Rige-rige yana da ɗan'uwa, shi ne cirko-cirko. Mata biyu za su yi daka. Ɗaya ta riƙe turmi tana jiran taɓarya. Ɗayar ta riƙe taɓarya tana jiran turmi. Babu mai saki. Gida ya kwana da yunwa alhali ga hatsi ga kayan aiki. A cikin na'ura ma haka: wannan aiki ya kulle asusun Musa yana jiran na Isa, wancan ya kulle na Isa yana jiran na Musa. Komai ya tsaya cak. Kuɗi sun bar nan, ba su isa can ba, suna rataye. Mara lafiya yana jira a likita. Mai mota yana jira a tasha. Abin lura shi ne, makullin da aka sa don maganin rige-rige, shi ne ke haifar da cirko-cirko in an sa shi da ka. Wannan aiki ba na koyon dare ɗaya ba ne.

Wanda ke ganin abin bai wuce asarar ƴan kuɗi ba, ya ji labarin Therac-25. Na'ura ce ta gasa ciwon daji da haske, wadda wani kamfanin gwamnatin Kanada, AECL, ya ƙera. Tsofaffin samfurinta suna da kariya ta ƙarfe da waya, wadda ke hana haske mai ƙarfi fita in abubuwa ba su daidaita ba. A sabuwar aka cire wannan kariya, aka dogara da manhaja. Tsakanin 1985 da 1987, sau shida na'urar ta narka wa marasa lafiya haske mai yawan da ya wuce kima nesa ba kusa ba, a Amurka da Kanada. Aƙalla uku sun mutu. A garin Tyler na jihar Texas aka gano ɗaya daga cikin dalilan. In ma'aikaciya ta yi kuskuren harafi ta gyara cikin kimanin daƙiƙa takwas, sashen da ke karɓar rubutu ya riga sashen da ke saita na'urar. Allo ya nuna abu ɗaya, na'ura ta aikata wani. Sabon hannu ba ya tayar da aibin, domin ba shi da sauri. Gwanar aiki ce ke tayar da shi. Marasa lafiya sun ce sun ji kamar wuta ta ƙone su. Da farko masu na'urar cewa suka yi hakan ba zai yiwu ba. Asibitocinmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai suna ƙara samun na'urorin da manhaja ke tuƙawa, kuma muna murna da haka. Wa ke tambaya, kafin a saya, wace kariya ta rage in manhajar ta yi tuntuɓe?

Wutar lantarki ma ba ta tsira ba. Ranar 14 ga Agusta na 2003, a jihar Ohio ta Amurka, manhajar da ke buga ƙararrawa a ɗakin kula da wuta na kamfanin FirstEnergy ta sandare. Ayyuka biyu ne suka yi rige-rige kan wurin rubutu ɗaya. Fiye da awa ɗaya ma'aikata suna kallon allo, suna zaton komai lafiya. A waje kuwa wayoyin wuta sun yi zafi, sun saki, suna taɓa itatuwa, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Kafin yamma mutum kimanin miliyan 50 a Amurka da Kanada sun rasa wuta, kusan ninki biyu na al'ummar Nijar. Injiniyoyi sun shafe makonni suna tone miliyoyin layukan rubutu kafin su kama aibin. Amurka kuwa ƙasa ce mai kuɗi da ƙwararru. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ɓarayi kuma sun iya wannan karatu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Maris na 2014, wani ya gano rige-rige a manhajar Flexcoin, wani kamfanin ajiyar kuɗin intanet a Kanada. Bai fasa ƙofa ba. Bai saci lambar sirrin kowa ba. Dubban buƙatu ya aika a lokaci guda, yana juya kuɗi daga asusu zuwa asusu kafin kwamfuta ta rubuta saura. Ya kwashe bitcoin 896. Kamfanin ya rufe. A wannan watan dai aka yi wa kasuwar Poloniex irin haka, ta rasa kusan kashi 12 cikin 100 na bitcoin da ke hannunta. Abin da ke faruwa da mai gaskiya bisa tsautsayi sau ɗaya a shekara, ɓarawo zai iya tayar da shi da gangan sau ɗari a dare ɗaya. Kuma ba ya buƙatar zuwa Korgom. Daga kowace ƙasa zai iya.

Yanzu ga wanda ya fi hana ni barci. Idan lissafi ya ɓaci, wa ake kamawa? A Birtaniya, gidan waya ya raba wa wakilansa na garuruwa da ƙauyuka wata manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu, daga shekarar 1999. Waɗannan wakilai masu ƙananan shaguna ne, kamar masu shagon tura kuɗi na wajenmu. Manhajar ta riƙa nuna giɓi a lissafinsu. Suka rantse ba su ci ba. Aka ce kwamfuta ba ta kuskure. An riƙa gaya wa kowannensu cewa shi kaɗai ke da wannan matsala. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da fiye da mutum 900. Wasu sun sayar da gidajensu sun biya kuɗin da ba su taɓa ba. An ɗaure wasu, har da mace mai juna biyu. Wasu sun kashe kansu. Ɗaya daga cikin aibobin da aka fallasa daga baya, an raɗa masa sunan garin Dalmellington na Sikotlan. Allo ya sandare, ma'aikaciya ta sake danna maɓalli, manhaja ta rubuta fam 8,000 sau huɗu. Giɓin fam 24,000 ya hau kanta. Sai a 2019 wakilai 555 suka yi nasara a kotu. Sai a 2024 majalisa ta yi dokar soke hukuncin da aka yanke wa ɗaruruwa. Shekara ashirin da biyar kafin gaskiya ta yi halinta, a ƙasar da ke da lauyoyi da jaridu masu ƙarfi.

Ku ɗauko wannan labari ku ajiye shi a kasuwarmu. Saurayi ne ya ci bashi ya buɗe shagon tura kuɗi. Da yamma lissafi ya nuna giɓin jika ɗari. Ba shi da lauya. Ba shi da hanyar ganin abin da babbar kwamfuta ta rubuta. Uban gidansa ya ce ya biya. Ko kuma tsohuwa ce ta zo karɓar abin da ɗanta ya turo, mai shago ya ce bai shigo ba, ɗan kuma ya aiko hoton saƙo mai nuna an cire. Su biyun duka gaskiya suke faɗa. Amma a gari ɗaya daga cikinsu zai zama ɓarawo. Magana ta kai gaban mai gari, ta kai ga jandarma, ta kai ga rantsuwa da Alƙur'ani. Zumunci ya tsinke. Aure ya mutu. Sunan gida ya ɓaci. Wanda ya rubuta layin da ya jawo abin yana wata ƙasa, bai ma san an yi ba. Ba na tuhumar kowane kamfani da ke aiki a ƙasarmu. Yawancin hada-hada tana tafiya daidai. Abin da nake tsoro shi ne wannan kalma da ta fara zama a bakinmu: ai na'ura ta nuna. Ranar da muka mai da allo shaidar da ba a musu, ranar muka ɗaure talaka.

Kuma igiyoyin ƙaruwa suke yi. A shekarar 2025 babban bankin BCEAO ya buɗe tsarin biyan kuɗi nan take da ke haɗa bankuna da kamfanonin kuɗin waya a ƙasashe takwas masu amfani da sefa. Ci gaba ne. Amma duk wurin da manhajar wani ta haɗu da ta wani, sabuwar gaɓa ce, kuma a gaɓa ake samun targaɗe. Bayan kuɗi ga rajista: jerin masu karɓar tallafi, takardun haihuwa, katin ɗan ƙasa, sakamakon jarrabawa. Ma'aikata biyu su gyara suna ɗaya a lokaci ɗaya daga gari biyu, gyaran ɗaya ya shafe na ɗaya. Magidanci ya zo ranar rabo a lokacin bazara, rumbu babu komai, a ce sunansa ba ya ciki. Babu wanda ya cire shi. Babu kuma wanda zai iya gaya masa yadda aka yi.

Ga wata sabuwa. Matasanmu sun fara rubuta manhaja, kuma abin alfahari ne. Suna yi wa ƴan kasuwa ta lissafin shago, suna yi wa ƙungiyoyin mata ta adashe. Da yawa sun koya ne daga bidiyo. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira, wadda ke zubo rubutun manhaja cikin daƙiƙa kaɗan. Rubutun yana aiki in an gwada. Rige-rige ma yana aiki in an gwada. Wanda bai san akwai irin wannan aibi ba, ba zai neme shi ba. Rubutu ya yi araha, dubawa ba ta yi araha ba. Muna gina rumbuna da sauri fiye da yadda muke ƙera makullai.

Abin da ya sa na ce kada a firgita shi ne, maganin yana nan, kuma daga binciken masana ya fito. A shekarar 1965 Edsger Dijkstra, malami a Eindhoven ta ƙasar Holan, ya wallafa hanyar da ayyuka da yawa za su bi su riƙa shiga wuri ɗaya bi da bi. Shi ne kuma ya kawo dabarar da ya ara daga alamar tsayar da jirgin ƙasa. A 1974 Leslie Lamport ya fito da tsarin ba kowa lamba, kamar layin gidan burodi. A 1978 ya nuna yadda kwamfutoci masu nisa da juna za su san abin da ya riga wani ba tare da agogo ɗaya ba. A wannan shekarar Tony Hoare ya ba da shawarar ayyuka su daina sa hannu a ƙwarya ɗaya, su riƙa aika wa juna saƙo. Jim Gray ya kafa ƙa'idar da kowane banki na kirki ke bi: ciniki ko ya kammala duka, ko ya koma kamar ba a fara ba. Babu rabin tura kuɗi. Waɗannan mutane da alli da allo suka yi aikinsu. Duk lokacin da kuɗinka suka isa lafiya, guminsu ka ci.

Binciken ya shiga har cikin harsunan da ake rubuta manhaja da su. A 1986 injiniyoyin Ericsson a Suwidin suka fara harshen Erlang don na'urorin tarho da ba a so su tsaya. A kansa aka gina WhatsApp da muke aika murya da shi kullum. Harshen Rust, da ya tsaya da ƙafarsa a 2015, yana ƙin karɓar rubutun da zai bar ayyuka biyu su yi rubutu wuri ɗaya babu tsari. Tun a gaban mai rubutu yake tare kuskuren. A Grenoble ta Faransa, Joseph Sifakis na cikin waɗanda suka ƙago hanyar sa kwamfuta ta bincika kowace cuɗanya da kanta, aikin da ya ba shi lambar yabo ta Turing ta 2007 tare da Amurkawa biyu. A garin ne kuma aka ƙirƙiri harshen Lustre, wanda jikansa ke cikin manhajar tuƙin jiragen Airbus. Injiniyoyin Amazon sun ba da labarin yadda irin wannan bincike ya kama musu wani aibi da ba ya fitowa sai an bi taku 35 a jere. Gwaji bai gan shi ba. Idon ƙwararru bai gan shi ba. Lissafi ya gan shi.

To su wa ke wannan karatu a wajenmu? Muna da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, da André Salifou a Damagaram, da Abdou Moumouni a Yamai. Tsallaken iyaka ga Umaru Musa Ƴar'aduwa a Katsina, da Bayero a Kano, da Ahmadu Bello a Zariya. Ƙwaƙwalwa ba ta yi mana ƙaranci ba. Amma iyaye suna tambayar wane karatu ne ke kawo aiki da wuri. Ɗalibi yana so ya iya ƙawata allo, yana gudun lissafin da ke ƙarƙashinsa. Wanda ya yi zurfi kuma, ƙasar waje ke ɗauke shi. Ƙwararre a wannan fanni yana cin shekaru kafin ya nuna. Manhaja kuwa cikin mako guda ake sayo ta a kafa. In ba mu fara renon masu dubawa bana ba, shekara goma masu zuwa za mu yi su muna sayen rumbun da ba mu iya leƙa cikinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In aka ci gaba a haka, ga abin da ke tafe. Ƙananan asarori za su yawaita, kowa ya haɗiye tasa shi kaɗai. Masu shago za su riƙa biyan giɓin da ba nasu ba har jari ya ƙare. Wata rana babbar ɓaraka za ta zo a jajibirin Sallah. Mutane za su janye amanarsu gaba ɗaya. Kuɗi za su koma ƙarƙashin katifa da cikin mota a kan hanya, inda ɗan fashi ke jira. Amana in ta zube, kwasarta sai an sha wuya.

Don haka, ɗan'uwa mai waya: in ka tura kuɗi ka ji shiru, kada ka sake dannawa. Ka jira, ka duba abin da ya rage, sannan ka yanke shawara. Kada ka goge saƙon shaida. Ka riƙe lambar cinikin da ranar da lokacin. In wasu kuɗi suka faɗo maka bisa kuskure, ka mayar, domin na wani ne, kuma Allah yana gani. Mai shago, ka ajiye littafi na takarda, ka rubuta kowane ciniki da lokacinsa, ka daidaita lissafi kowace yamma. In giɓi ya fito, ka kai ƙara a rubuce a ranar. Kada ka sa hannu a takardar amsa laifin da ba ka yi ba. Ka tambayi sauran masu shago ko sun ga irinsa. Ku haɗa kai, domin kaɗaici ne ya ci wakilan Birtaniya.

Iyayenmu sarakuna da masu gari, malamai da alƙalai, Allah ya ƙara muku lafiya: in irin wannan shari'a ta zo gabanku, ku ɗauki allo a matsayin shaida ɗaya cikin shaidu. Ku nemi a kawo cikakken tarihin cinikin daga kamfani kafin a kira wani ɓarawo. Hukumomi masu sa ido, ARCEP da BCEAO da ma'aikatun da ke sayen manhaja da kuɗin jama'a: ku sa sharaɗi a gwada kowace manhaja da cunkoso irin na jajibiri, a kuma yanke mata rezo da wuta a tsakiyar aiki a ga halinta. Ku wajabta wa kamfani wa'adin mayar da kuɗin da suka rataye. Ku ɗora masa nauyin kawo hujja, domin shi ke riƙe da littafin.

Malaman jami'a, ku sa wannan fanni a tsakiyar karatu, ku ba ɗalibai matsalolin kasuwarmu su yi bincike a kai. Tun da kundin ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ku ba mu kalmomin wannan ilimi da Hausa, domin mai shago ya iya faɗin abin da ya same shi. Ku kuma ƴan makarantar Korgom, maza da mata, ku riƙe lissafi da hannu biyu. Garinku yana buƙatar wanda zai iya buɗe na'ura ya ce ga inda ta yi kuskure.

Rigakafi ya fi magani. Rumbun namu ne, kuma hannaye sun riga sun yi yawa a cikinsa. A sa makulli yau, kafin a ɗaure mai gaskiya.